Mariƙin Kwarashi: Tarihin Ƙaramin Ƙarfe da Hannun da Ke Riƙe da Shi

A shekarar 1589 wani Bature ɗan Ingila mai suna William Lee ya ƙera injin saƙa safa. A 1809 John Heathcoat ya yi rajistar injin da ke saƙa ragar leshi. Tun daga nan injuna suka yi ta karɓe aikin masaƙa da maɗinka ɗaya bayan ɗaya, har aka wayi gari kusan duk suturar da ɗan Adam ke sawa daga masana'anta take fitowa. Sana'a ɗaya ce ta gagara. Har yau babu masana'antar da ke fitar da saƙar kwarashi ta ainihi da inji, domin kowane zarge sai an kammala shi kafin a shiga na gaba, kuma ƙugiyar tana shiga saƙar ta kusurwoyi dabam-dabam da yatsu kaɗai ke iya sarrafawa. Ashe duk hular jariri, duk mayafin tebur, duk jakar da aka saƙa da kwarashi, ko a Landan aka saye ta ko a Kano, wani hannu ne ya yi ta, zarge bayan zarge, sau dubbai.

Wannan shi ya sa batun mariƙin kwarashi ya wuce batun ado. A shagunan kayan saƙa na yau ana sayar da kwarashi mai mariƙin roba mai laushi, da mai mariƙin katako da aka sassaƙa, da mai lanƙwasa kamar buroshin goge baki, wasu da kuɗin da ya ninka na kwarashi gama-gari sau da yawa, duk da alƙawarin cewa za su raba hannu da ciwo. Masu talla suna gabatar da su a matsayin sabuwar fasaha. Tarihi kuwa yana nuna cewa da mariƙinsa kwarashi ya fara, masana'anta ce ta cire shi, sannan ta dawo da shi bayan shekaru masu yawa, a lokacin da mai saƙar ta zama wadda za ta iya biya.

Daga tambur zuwa iska

Kalmar kwarashi da Hausa ta ara ta samo asali ne daga Faransanci, inda take nufin ƙaramar ƙugiya. Kafin a san saƙar da wannan suna, akwai wani nau'in surfani da ya shiga Turai daga Gabas a ƙarni na 18, wanda aka daɗe ana yi a Indiya da Farisa da Turkiyya. Ana ɗaure yadi a kan zagayayyen katako har ya yi tauri kamar fatar ganga, sai a riƙa cusa siririyar ƙugiya ana jawo zare daga ƙasa. Faransawa suka kira shi tambur, wato ganga, kalmar da za ta tuna wa Bahaushe da tambari. Aikin ya samu karɓuwa a fadar Faransa, har mai zane François-Hubert Drouais ya zana Madame de Pompadour zaune gaban irin wannan katako a 1763 zuwa 1764, zanen da ke ajiye a Landan yanzu.

Ƙugiyar tambur gida biyu ce. Akwai allura mai lanƙwasasshen baki, akwai kuma mariƙi na ƙashi ko hauren giwa ko katako, da ɗan dunƙulen ƙarfe a gefe da ake murɗawa a danne allurar. Idan allura ta karye, ko ana son mai wani kauri, sai a kwance a sauya, mariƙin yana nan. Da aka gano cewa za a iya ajiye yadin gefe a ci gaba da sarƙa zaren shi kaɗai, Faransawa suka kira sabon aikin saƙa a cikin iska, kuma irin wannan ƙugiya mai mariƙi ce aka ci gaba da amfani da ita.

A gefe guda kuma talakawan arewacin Turai suna da tasu hanyar. A Sikotilan ana kiranta saƙar makiyaya, ana yin ta da zaren ulu mai kauri don safar hannu da kayan sanyi. Elizabeth Grant, a littafin tarihin rayuwarta, ta ambaci wata tsohuwa da ke wannan saƙa a wajajen 1812 da ƙugiyar da ta fiƙe wa kanta daga haƙorin tsohon mataji na ɓawon kunkuru. Ƙugiyoyin makiyaya da suka saura a gidajen tarihi yawancinsu masu faɗi ne, wasu daga mariƙin cokali aka yi su, suna da fili inda yatsu za su zauna. Bayanin farko da aka buga na yadda ake saƙar kwarashi da wannan suna ya fito ne a mujallar Penélopé ta ƙasar Holan a 1823. Ke nan a farkon tarihinsa, a fada da ƙauye, kwarashi abu ne da ke cika yatsu.

Yunwar Ailan da toshiyar kwalba

Abin da ya mayar da saƙar kwarashi sana'ar dubban mutane shi ne bala'i. A 1845 cutar ruɓa ta afka wa dankalin Turawa a Ailan, ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 8 a lokacin, waɗanda talakawansu kusan dankali kaɗai suke ci. Cikin 'yan shekaru kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kimanin miliyan 1 suka yi ƙaura. A cikin wannan hali ne mata masu zaman zuhudu na Katolika da matan masu hali suka shiga koya wa talakawa saƙar leshi da kwarashi domin su samu abin sayen abinci. A Blackrock kusa da birnin Cork, gidan zuhudun Ursuline ya kasance cikin na farko. A garin Clones kuwa Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ita ta kawo sana'ar a 1847.

Leshin Ailan kwaikwayo ne na leshin allura na birnin Venis, wanda ke cin watanni kafin a gama ɗan ƙyalle. Da kwarashi ana samun abu mai kama da shi cikin ɗan lokaci, kuma kayan aikin ba su wuce zaren auduga da ƙugiya ba. Aka raba aikin: wannan gida ya ƙware a fure, wancan a ganye, sannan a tattara a kai wa wadda za ta haɗe su da raga. Eleonore Riego de la Branchardière, wadda ta fara buga littattafan koyar da saƙa a 1846, ta taimaka wajen yaɗa salon a tsakanin matan Ingila. Sarauniya Victoria ta sayi leshin Ailan ta sa, abin da ya cire masa sunan leshin talaka. Ita kanta ta koyi saƙar, kuma a 1900, shekara guda kafin mutuwarta, ta saƙa mayafan wuya 8 don karrama sojojin da suka yi yaƙi a Afirka ta Kudu.

Matan da ke cikin bukkokin Ailan ba su da kuɗin sayen ƙugiya mai mariƙin hauren giwa. Abin da suka yi shi ne su samu allurar ɗinki ko waya mai tauri, su goge bakinta su lanƙwasa, sannan su soke gindinta cikin toshiyar kwalba ko guntun itace. Dole ce ta sa su, domin ba a iya riƙe allura tsirara a yi aiki da ita yini guda. Amma abin da suka ƙera ya cika manyan sharuɗɗan da masana suka zo suka rubuta daga baya: mariƙi mai kauri, mara nauyi, mai ɗan laushi, wanda ba ya sulɓewa idan hannu ya yi gumi. Manomin da ke zaɓen ƙotar fartanya daidai da tafin hannunsa ya san wannan ilimi ba tare da an ba shi suna ba.

Lokacin da masana'anta ta cire mariƙi

Da sana'ar ta bunƙasa, sai masu ƙera allura suka shigo. Cibiyarsu ita ce garin Redditch a tsakiyar Ingila, wanda a ƙarni na 19 yake samar da mafi yawan allurar duniya, tare da ƙugiyar kamun kifi. Kamfanoni irin su Henry Milward & Sons da Abel Morrall suka ƙara kwarashi cikin hajarsu. Irin kulawar da wannan masana'anta ke yi wa jikin ma'aikaci ana iya ganinta a wurin masu wasa bakin allura a kan busasshen dutse: ƙurar ƙarfe da ta dutse tana cika musu huhu, da yawansu ba sa kaiwa shekara 40.

Ga mai masana'anta, mariƙi ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi. Ya fi sauƙi a yanke waya guda, a fiƙe bakinta, a yi mata ƙugiya, a goge, a ɗaure dozin-dozin. Sannu a hankali kwarashi ya koma siririn ƙarfe guda ɗaya daga kai har gindi. Abin da aka bar wa hannu shi ne ɗan wuri da aka danne ya yi faɗi a tsakiya, inda babban yatsa zai zauna, kuma a nan ake buga lamba da sunan kamfani. A Amurka, da Yaƙin Duniya na Farko ya katse shigo da kaya daga Turai, kamfanin Boye na birnin Shikago ya fitar da jerin kwarashin ƙarfe na gida a 1917, ya biyo da na alminiyom a 1923. Kamfanin C. J. Bates na jihar Connecticut, wanda ya fara da kayan ƙashi da hauren giwa, shi ne ya zama mai sunan Susan Bates.

Adalci ne a faɗi abin da aka samu a wannan sauyi. Kwarashi ya yi araha har kowa na iya mallaka. An kuma samu daidaiton awo, ta yadda mai bin littafi a wani gari za ta iya fitar da riga mai girman da marubuciyar ta nufa. Dukan basirar maƙera ta koma kan baki. Daga nan ne aka samu siffofi biyu da masu saƙa ke muhawara a kansu har yau: na Boye, mai wuya da ke sirancewa a hankali da kai mai ɗan tudu da zagaye, da na Susan Bates, wanda kansa ke kan layi ɗaya da jikinsa, da tsaga mai zurfi kamar an yanka da wuƙa. An shafe shekaru ana gyaran milimita ɗaya a bakin ƙugiya, alhali sauran tsawon da ke cikin tafin hannu ba wanda ya waiwaye shi.

Abin da likitoci suka riga suka sani

Ba don rashin sani aka yi wannan sakaci ba. Tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, kuma a bugun 1713 ya ƙara babi a kan magatakarda da masu kwafar takardu. Ya danganta ciwonsu da dogon zama, da maimaita motsi iri ɗaya da hannu, da ɗaurewar tsoka a kan alƙalami. A 1895 likitan tiyata ɗan Suwizalan Fritz de Quervain ya bayyana kumburin kuben da jijiyoyin babban yatsa ke bi ta cikinsa a gefen wuyan hannu, ciwon da ke ɗauke da sunansa har yau. A shekarun 1950 kuma likitan Amurka George Phalen ya yaɗa fahimtar wani ciwon: a wuyan hannu akwai matsattsiyar kafa da jijiyoyin motsa yatsu 9 da jijiyar ji guda ɗaya ke ratsawa, kuma idan wurin ya kumbura ya danne jijiyar jin, sai babban yatsa da na kusa da shi su riƙa minjirya, musamman da dare.

Yadda wannan ya shafi kwarashi a fili yake. Abu siriri ba ya riƙuwa da tafin hannu, sai da kan yatsu, a matse shi tsakanin babban yatsa da manuni. Irin wannan matsi yana ɗora wa gaɓar gindin babban yatsa nauyin da ya ninka ƙarfin da ake ji a kan yatsa sau da yawa, kuma wannan gaɓa tana cikin waɗanda amosanin gaɓɓai ya fi kamawa, musamman a mata idan shekaru suka ja. Idan ƙarfen yana da santsi, sai a ƙara matsewa don kada ya sulɓe. Idan zaren yana da tauri kamar na auduga, ko mai saƙar tana ɗaure zarge da ƙarfi, sai wuyan hannu ya ƙara aiki wajen cusa ƙugiya da zaro ta. Saƙa ba ita kaɗai ke kawo waɗannan cututtuka ba, domin juna biyu da ciwon suga da ɗaukar jariri duk suna da hannu a ciki, amma tana iya tsananta su. Jiki magayi.

Ilimin da ya samu suna, da kasuwar da ta biyo baya

Kalmar ergonomiya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da doka, wani masani ɗan Polan mai suna Wojciech Jastrzębowski ne ya ƙirƙire ta a 1857. Ba ta yi tasiri ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya nuna cewa kayan aikin da ba su dace da mutum ba suna kashe shi. A 1943 Alphonse Chapanis ya gano cewa matuƙan jirgin yaƙin B-17 suna faɗuwa wajen sauka ne saboda maɓallai biyu masu aiki dabam suna kama da juna kuma suna kusa, sai aka sauya siffarsu yadda hannu zai bambance su ko ba a duba ba. A 1949 Hywel Murrell ya farfaɗo da kalmar a Ingila, aka kafa ƙungiyar masana a kanta. Tushen ilimin shi ne a gyara kayan aiki su dace da mutum, maimakon a tilasta wa mutum ya dace da su.

Jiragen sama da masana'antu da ofisoshi ne suka fara amfana. Kayan aikin mata na cikin gida sai da suka jira. Wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Sam Farber ya ga matarsa Betsey, mai fama da amosanin gaɓɓai, tana shan wahala da siririyar wuƙar feraye ta ƙarfe. A 1990 kamfaninsa OXO ya fitar da kayan girki masu baƙin mariƙi mai kauri na roba mai laushi. Sun fi na kasuwa tsada, amma aka yi ta saye, har da waɗanda ba su da ciwon komai. Darasin da 'yan kasuwa suka ɗauka shi ne mutane za su biya don hannunsu ya huta.

A wannan lokaci mai saƙar kwarashi a Turai da Amurka da Japan ta riga ta sauya. Yawanci ba don abinci take saƙa ba, don nishaɗi ne, tana da kuɗin kashewa, kuma da yawa shekaru sun fara ja. Ga wannan mai saye ne aka dawo da mariƙi. Kamfanin Clover na Osaka ya fitar da Soft Touch mai faffaɗan mariƙi, daga baya Amour mai roba mai laushi. Tulip na Hiroshima, garin da ya shahara da ƙera allura a Japan, ya fitar da Etimo. A Jamus, kamfanin Selter na garin Altena, wanda aka kafa a 1829, ya yi addi Swing mai lanƙwasasshen mariƙi, Prym ma ya fitar da nasa. A Amurka Furls ya yi suna da kwarashi mai tumbi a tsakiya, na katako da na ƙarfe, wanda ake sayarwa kamar kayan ado. Sun bambanta a siffa, amma abin da dukansu ke sayarwa shi ne kaurin da toshiyar kwalba ta bai wa matan Clones.

Abin da tarihin ke cewa ga mai zaɓe

Kalmar ergonomiya a jikin kwali talla ce, babu wani ma'auni guda da ya wajaba kwarashi ya cika kafin a rubuta masa ita. Saboda haka zaɓe yana komawa ga abubuwan da hannu zai iya tantancewa, kuma na farkonsu shi ne salon riƙo. Akwai masu riƙe kwarashi kamar alƙalami, salon da littattafan ƙarni na 19 suka fi nunawa, akwai kuma masu riƙe shi kamar wuƙa, hannu a sama, gindin yana cikin tafi. Mariƙi mai lanƙwasa ko mai tumbi ya fi karɓar mai riƙon wuƙa, kuma yana iya takura wa mai riƙon alƙalami, wadda mariƙi miƙaƙƙe mai matsakaicin kauri ya fi mata. Ga mai riƙon wuƙa tsawo ma abin dubawa ne: idan mariƙin ya gaza, gindinsa zai riƙa sukar tsakiyar tafi.

Na biyu shi ne kauri da nauyi. Kauri yana rage matsi, amma idan ya wuce girman hannu sai yatsu su buɗe fiye da kima, a koma gidan jiya. Kwarashin ƙarfe mai nauyi yana da daɗin riƙo a shago, sai dai bayan awa biyu wuyan hannu ne ke ɗauke da shi. Na uku shi ne baki. Ƙugiya mai santsi da ke ratsa zare ba tare da tsaga shi ba tana rage aikin hannu kamar yadda mariƙi ke ragewa, kuma wadda ta saba da bakin Boye ko na Susan Bates za ta ga girman zargenta ya sauya idan ta koma ɗayan. Sai kuma tazarar da ke tsakanin baki da mariƙi, domin akwai ɗinkin da ke buƙatar a tara zarge da yawa a jikin ƙarfen lokaci guda. Hikima ita ce a sayi guda ɗaya, a lambar da aka fi amfani da ita, a yi aiki da shi kwanaki kafin a sayi jeri. Awon milimita ne abin dogaro, domin haruffa da lambobi sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a siraran kwarashin leshi, lamba mafi girma ita ce ƙugiya mafi ƙanƙanta.

Akwai kuma iyakar abin da mariƙi zai iya yi. Ba ya maye gurbin hutu, ko sassauta zare, ko miƙe wuyan hannu da sakin kafaɗa. Hannun da ke minjirya da dare, ko yake sakin abu ba da niyya ba, likita yake bukata, domin jijiyar ji da ta daɗe a danne tana iya lalacewa har tsokar gindin babban yatsa ta rame.

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan fage waɗanda suka fi bukatar mariƙi su ne suka fi ƙarancin ikon sayensa. Matar da ke saƙa hula da safar jarirai a Zariya ko Maraɗi don ta sayar kafin hunturu, da mata masu saƙa a gida ga dillalan kayan yayi a ƙasashe da dama, su ne magadan matan Ailan, masu yini da ƙugiya a hannu, kuma siririn alminiyom ne a hannun yawancinsu. Abin da ya rage musu shi ne dabarar 1847. Ana naɗa wa ƙarfen ƙyalle ko bandeji har ya yi kauri, ana zura shi cikin robar da yara ke sa wa fensir, ana soke shi cikin guntun soso mai tauri, ko a kai wa masassaƙi ya yi masa ƙota daidai da tafin mai shi. Ta fuskar matsin da ke sauka a kan babban yatsa, waɗannan suna yin kaso mai yawa na aikin da kwarashin Osaka ke yi, a kan kuɗin da bai kai na ƙullin zare ɗaya ba.